Tarihin Tayar da Tsofaffin Motoci a Ƙasar Rano da Kibiya

Sana'ar tayar da tsohuwar mota, wato a ɗauko motar da ta daɗe a kwance, ko wadda ƙarfinta ya ƙare, a mayar da ita kan hanya da ɗan abin da ke hannu, tana cikin sana'o'in da suka kafu a ƙasar Hausa a ƙarni na 20, kuma ko da yake ba ta samu kulawar masana tarihi kamar yadda rini da saƙa da ƙira suka samu ba, ita ce ta riƙe sufurin karkara shekara da shekaru. A kudancin jihar Kano, musamman a ƙasar Rano da Kibiya, inda garuruwa irin su Lausu da Rurum da Saji da Tarai da Fammar suka dogara ga noma da cin kasuwannin mako, akasarin motocin da ke ɗaukar mutane da amfanin gona sun riga sun ci zamaninsu a hannun wasu kafin su iso, saboda haka tarihin mota a wannan yanki tarihin gyara ne fiye da tarihin saye. Abubuwa uku ne suka raya sana'ar tun farkonta, wato inji mai sauƙin fahimta, da kasuwar da ake samun kayan gyara daidai aljihun talaka, da ilimin da ke gangarowa daga maigida zuwa yaronsa, kuma duk lokacin da ɗaya daga cikin ukun ya sauya sai sana'ar ta sauya kama.

Sha'awa a Amurka, larura a karkarar Kano

Ƙasar da ta fi shahara da tayar da tsofaffin motoci a duniya ita ce Amurka, inda hankalin masu wannan sha'awa ya fi karkata ga wani rukunin motoci da aka ƙera tsakanin tsakiyar shekarun 1960 da farkon shekarun 1970, waɗanda za a iya kira motocin ƙarfi, domin kamfanoni sun riƙa ɗaukar ƙaton inji mai silinda takwas suna ɗora shi a kan mota mai matsakaicin jiki don ta yi gudu da tashi na ban mamaki. Silinda shi ne ramin da fistin ke hawa da sauka a cikinsa idan mai ya kama da wuta, kuma yawan silinda da faɗinsu su ne ke ƙara wa inji ƙarfi tare da ƙara masa shan mai. Pontiac GTO ta shekarar 1964 ita ake ɗauka a matsayin mafarin wannan yayi, sannan irin su Dodge Charger da Chevrolet Chevelle da Plymouth Road Runner suka biyo baya, amma zamanin bai yi tsawo ba, domin dokar tsaftace iska ta 1970 da tsadar inshora da takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973 sun taru sun karya kasuwarsu. Wanda ke tayar da irin wannan mota a Amurka a yau yana yi ne don marmari da tuna baya, yana da wata motar da yake zuwa aiki da ita, kuma akwai kamfanonin da ke ƙera masa sababbin sassa daidai da na asali.

A tsibirin Kyuba lamarin ya sha bamban, domin takunkumin cinikin da Amurka ta sanya wa ƙasar a farkon shekarun 1960 ya yanke shigowar sababbin motocin Amurka da sassansu, sai kanikawan Havana suka ci gaba da raya motocin Amurka na shekarun 1950 da injinan wasu motoci da sassan da suka ƙera da hannunsu. Halin ƙasar Rano ya fi kama da na Kyuba. Motocin Amurka da suka shigo Kano a tsakiyar ƙarni na 20 sun tsaya ne a gidajen sarakuna da manyan attajirai, ba su yi saiwa a karkara ba saboda shan mai da wahalar samun kayan gyara, kuma ƙarfin mota a wurin manomin Lausu ba a auna shi da gudu, ana auna shi ne da yawan buhunan da za ta ɗauka da irin hanyar da za ta ratsa da damina ba ta kafe ba.

Daga maƙera zuwa kanikawa

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma tun kafin zuwan mota ƙasarta tana cikin hanyoyin fataucin da suka haɗa Kano da Zazzau da ƙasashen kudu, inda jakuna da takarkarai da 'yan dako suke ɗaukar hatsi da auduga da baƙin rini. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa da ya biyo baya su ne suka buɗe wa mota ƙofa, domin gyaɗar da aka noma a ƙauyuka tana bukatar a kai ta bakin dogo, kuma a hankali manyan motoci suka karɓe wannan aiki daga hannun dabbobi, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kanikawan farko sun fito ne daga wuraren gyara na Ma'aikatar Ayyuka da na En'e da na kamfanonin Turawa, sannan sojojin da suka dawo daga yaƙin, waɗanda da yawansu suka koyi tuƙi da gyaran inji a soja, suka ƙara yawansu. Har zuwa tsakiyar shekarun 1960 kaso mai yawa na masu wannan sana'a a Kano mutanen kudancin Nijeriya ne mazauna Sabon Gari, kuma ficewar da yawansu a lokacin rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya gudana daga 1967 zuwa 1970 ta sa yaran garejin da suke 'yan ƙasa suka zama iyayen gidan kansu tun kafin lokacin da aka saba.

Babbar motar wancan zamani, irin Bedford da Mercedes 911, tana zuwa ne da kai da inji da ƙashin ƙarfen da ake kira casis, sai kafintoci su gina mata bodin katako, wanda idan ya lalace a sake wani ba tare da an taɓa injin ba. Wannan tsari ya sa tun farko jama'a suka fahimci mota a matsayin tarin sassa da kowanne ke da masaninsa, kuma ya janyo tsofaffin sana'o'i cikin sabuwa: maƙeri yana gyara sifirin da ya karye, wato faifan ƙarfen da ke ɗaukar nauyin kaya, idan kuma ya mutu gaba ɗaya sai ya ƙera fartanya ko adda ko wuƙa da shi, baduku yana ɗinke kujeru, tsohuwar taya ta koma takalmi, tsohon tif ya koma gugan rijiya. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, abin da ya rage darajar motocin Ingila masu sitiyari a dama, ya kuma share fage ga motocin Faransa da Jamus. Gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da shirin noman rani na Kadawa da ya dogara da ita, sun kawo wa yankin Rano da Bunkure da Kura hanyoyi da manyan injina da kuma sabon kaya mai saurin lalacewa, wato tumatir, wanda ba ya jiran jaki.

Zamanin Fijo

Motar da ta samu a ƙasar Hausa irin matsayin da motocin ƙarfi suka samu a zukatan Amurkawa ita ce Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na gabashin Afirka a 1975, wato shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Wannan masana'anta ɗaya ce cikin waɗanda gwamnatin tarayya ta kafa da haɗin gwiwar kamfanonin waje a zamanin arzikin mai, tare da ta Volkswagen a Legas da ta Steyr a Bauchi da ta Leyland a Ibadan da ta Mercedes a Enugu da ta manyan motocin Fiat a Kano. Ƙarin albashin da aka sani da Udoji ya sa ma'aikata da dama suka sayi mota a karon farko, gwamnati kuma ta mayar da 504 motar ofis, sai aka samu wata hanya da mota ke bi tana gangarowa: daga ofis ko gidan ma'aikaci zuwa gwanjo, daga gwanjo zuwa hannun direban haya a birni, daga nan zuwa tashoshin garuruwa irin su Rano da Kibiya, inda doguwar mai layin kujeru uku ke jigilar fasinja, akori-kura kuma ke bin kasuwannin ƙauye da buhuna da awaki.

Daɗewar 504 ba sa'a ba ce, daga ƙirarta take. Tana da tsayi daga ƙasa da ƙafafu masu jure gargada, tana jan ta baya, injinta mai silinda huɗu yana shan mai ta kabireta, wato na'urar da ke gauraya mai da iska ba tare da kwamfuta ba, wadda bakanike zai kwance ya wanke ya saita da sukundireba da kunnensa. Mafi muhimmanci, silindanta ba a jikin gangar injin aka huda su ba, bututun ƙarfe ne da ake kira silif, waɗanda ake zura su a ciki ruwan sanyaya inji yana zagaya su, saboda haka idan sun cinye sai a zare su a sa sababbi tare da fistin da ringi, injin ya dawo da ƙarfinsa ba tare da an kai gangar wurin injin huda ba. Inji ɗaya yana iya shan irin wannan babban gyara sau da dama, kuma tun da Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barin ta, kayanta ba su yanke a kasuwa ba.

Faɗuwar naira da zuwan Beljiyam

Shekarar 1986 ita ce mararrabar wannan tarihi. Kafin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida naira ɗaya tana kusan daidai da dala ɗaya, amma daga watan Satumba na shekarar, da aka buɗe kasuwar canji ta biyu, darajarta ta faɗi ƙwarai, kuma tun da masana'antun harhaɗa motoci da kuɗin waje suke sayo sassa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa matsakaici. Daga nan tayar da tsohuwar mota ya tashi daga dabarar marasa hali ya zama hanyar kowa. Cikin shekarun 1990 motocin da Turawa suka gama amfani da su suka fara kwararowa, akasari ta tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke Beljiyam, shi ya sa ake kiran su da sassansu Beljiyam, kuma da yawa suna sauka ne a Kwatano ta Jamhuriyar Benin, su ratso Nijar ta Gaya da Birnin Ƙonni da Maraɗi, su shigo ta iyakokin Sakkwato da Katsina zuwa Kano.

Kasuwar kayan gyara ta rabu gida uku. Akwai sabon kaya na kamfani, wanda ya fi inganci ya fi tsada. Akwai Beljiyam, wato sashen asali da aka ciro daga motar da aka farke a waje. Akwai kuma sabon kaya mai araha da ake shigowa da shi daga Asiya, wanda ingancinsa hawa-hawa ne. Kantunan Sabon Gari, waɗanda ke da alaƙa da manyan kasuwannin Nnewi da Ladipo ta Legas, da kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake farke matattun motoci a sayar da su gunduwa-gunduwa, su ne rumbun da bakaniken Rano ke zuwa ɗiba, kuma sanin wanda za a saya cikin ukun ya zama rabin gwaninta, domin tsohon sashe na asali sau da yawa ya fi sabon jabu daɗewa, da tsohuwar zuma ake magani. A kan hanyoyin yankin kuwa Golf da J5 da ƙananan bas na Toyota suka maye gurbin 504 sannu a hankali, J5 ta zama motar kwandunan tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan da ma nesa da ita.

Yadda ake aikin da ƙaramin jari

Ƙwararren bakanike ba ya fara tayar da mota sai ya tabbatar ta cancanci a kashe mata kuɗi, kuma abin da yake fara dubawa shi ne casis da ƙasan bodi, domin inji ana sake shi, amma ƙashin da ya karye ko tsatsa ta cinye ba ya komawa daidai. A nan busasshen yanayin arewa yana taimakawa, tun da motar da ta tsufa a Kano ba ta yin tsatsa kamar wadda ta zauna a bakin teku ko ta taka gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, sai dai ƙura da zafi suna rama wa a kan injin. Daga nan sai a tayar da injin a karanta hayaƙinsa: shuɗi yana nuna yana ƙona baƙin mai saboda ringi ya cinye, fari mai kauri yana nuna ruwa na shiga silinda ta gasket ɗin kai, baƙi kuma yana nuna fetur ya yi wa iska yawa. Ƙara daga ƙasan inji alama ce ta cewa matashin sandar da fistin ke juyawa ya ci, kuma wannan aiki ne da ake kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe a birni su goge sandar a sa mata matashi daidai sabon kaurinta. A wannan mataki ne ake yanke shawara mafi nauyi, ko a buɗe injin a yi masa babban gyara, ko a sayo injin Beljiyam a ɗora, kuma hukuncin yana bin farashin kaya a kasuwa ranar da aka je.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne, domin bayan mai inji akwai mai waya, da mai walda, da mai buga bodi, da mai fenti, da mai gyaran lagireto, da mai faci, da mai ɗinkin kujeru, kowanne da rumfarsa da kuɗin hannunsa. Haka kuma kuɗin ba a tashi ɗaya ake fitar da su ba. Mai mota a karkara yakan sayi matacciyar da kaka bayan ya sayar da amfanin gona, ya sayi kaya kaɗan-kaɗan, ya jira kwasar adashi ko ya sayar da dabba kafin a ɗauki babban mataki, bakanike kuma yakan ɗage karɓar ladansa har motar ta fara aiki, abin da ba ya yiwuwa sai inda aka san juna aka san iyaye. Da zarar ta iya tashi ta tsaya sai a sa ta a layi ta riƙa biyan sauran gyaranta da kanta, fenti da ado su zo a ƙarshe idan hali ya samu.

Ƙarancin jari ya haifi dabaru masu kyau da marasa kyau. Ɗora injin wata mota a jikin wata, da ƙera ƙaramin sashen da ya ɓace a kasuwa, da mayar da injin da ke fesa mai ta lantarki ya koma kabireta don a iya gyara shi a ƙauye, duk shaida ce ta basira. Amma cire na'urar da ke daidaita zafin inji da sunan ƙasar zafi yana hana injin kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ƙara faifan sifirin don a ninka kaya yana ɗora wa birki nauyin da ya fi ƙarfinsa, kuma mafi muni shi ne yadda kuɗi ke ƙarewa a kan inji, wanda shi ke kawo kuɗin shiga, a bar birki da taya da sitiyari, waɗanda su ke tsare rai. Tayar Beljiyam da ta shekara da yawa tana iya fashewa a zafin bazara ko da zanenta bai goge ba, alhali lambobi huɗu da ke gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta ga duk wanda aka koya wa karanta su. Kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988 da hukumar KAROTA a Kano bai kawar da wannan matsala ba, domin tushenta yana cikin lissafin mai mota tun kafin ya hau titi.

Gareji a matsayin makaranta

Ilimin wannan sana'a bai zauna a littafi ba. Uba ne ke kai ɗansa wurin maigida ya damƙa amanarsa, yaron ya fara da wanke sassa da miƙa sifana da zuwa aike, ya shekara yana kallo kafin a bar shi ya kwance kabireta, ya ƙara wasu shekaru kafin a bar shi ya rufe inji shi kaɗai, sannan a yaye shi da addu'a da 'yan kayan aiki ya buɗe tasa rumfar. Ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, tana sasanta rigingimu tsakanin mambobinta da masu motoci, tana kuma tsaya musu a gaban hukuma kan batun filin aiki. Ƙarfin wannan tsari shi ne yana horar da hannu da kunne da haƙuri, yana kuma ba yaron da bai yi nisa a boko ba abin dogaro, rauninsa kuwa shi ne kuskuren maigida yana gangarowa ga yaransa tare da gwanintarsa, kuma idan tsohon gwani ya rasu abin da ya sani yakan bi shi.

Halin da ake ciki

Ginshiƙan nan uku na sana'ar, wato inji mai sauƙin fahimta da kasuwar kayan gyara da ilimin maigida, duk suna girgiza a yau. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira a kasuwa a watan da ya biyo baya suka ninka farashin mai da na kayan gyara, har dala ta haura naira 1,500 a 2024. Tsadar ta ƙara wa tsohuwar mota daraja, amma ta sa 'yan gwangwan suna saye matattun motoci a narkar, waɗanda a da su ne ma'ajiyar sassa. Motocin da ke tsufa yanzu kuma ba irin 504 ba ne, domin akwatin kwamfuta ne ke sarrafa injinsu, kuma tun daga 1996 a Amurka da 2001 a Turai doka ta wajabta wa motocin fetur wata kafa da ake jona na'urar gano matsala, wadda bakaniken da bai iya karanta ta ba sai ya koma canke, yana sauya sassa masu lafiya da kuɗin mai mota. Shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 shi ma yana bukatar horo da kayan aikin da ba su wadata a garejin karkara ba.

Sabuwar mota ba za ta zo ƙauyukan Rano da Kibiya nan kusa ba, saboda haka tsohuwa ce za ta ci gaba da kai mai naƙuda asibiti da kai hatsi kasuwa, kuma ingancin wanda ke tayar da ita batu ne na rayuwar jama'a. Ya kamata ƙananan hukumomin biyu da masarautar Rano da attajiran yankin su haɗa hannu da ƙungiyar kanikawa da kwalejojin fasaha na jihar Kano a samar da gajeren horo kan lantarkin mota da na'urar gano matsala, a tanadi irin waɗannan na'urori da kanikawa za su riƙa amfani da su a haɗe, a kuma rubuta ilimin tsofaffin gwanaye da Hausa tun suna raye. Masu motoci kuwa, duk ƙanƙantar jarinsu, wajibi ne su ware kuɗin birki da taya da sitiyari kafin su taɓa na inji, domin motar da ba ta iya tsayawa ba a gama tayar da ita ba.